Daga Ganuwar Wurno Zuwa Katangar G.R.A.



Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na Hausa ya san gidan Alhaji tun kafin a kai shi bakin ƙofa. Unguwa ce shiru kamar an yi ruwa an ɗauke, ga titi shimfiɗe, itatuwan dogonyaro sun yi layi, ga wata doguwar katanga an naɗa mata rawani da waya mai ƙaya. Direba ya danna hon, maigadi ya taso da gudu ya wangale get, mota ta sulala ciki. Daga nan mai karatu ya san an iso inda babu yunwa, babu sauro, babu ɓarawo. Haka ake rubutawa, haka kuma ake karantawa, har abin ya zauna a zukatan samari da 'yan mata cewa idan Allah Ya yi wa mutum arziki, abu na farko da zai yi shi ne ya tattara iyalinsa ya bar cikin jama'a, ya koma bayan gari ya ja katanga.

To amma manyan ƙasar nan ba da haka suka faro ba. A arewa maso gabashin Sakkwato, tafiyar kimanin mil 20, akwai wani gari a kan tudu yana kallon fadamar gulbin Rima, wanda kusan shekara 200 da suka wuce shi ne unguwar manya ta Daular Usmaniyya baki ɗaya. Sarkin Musulmi a nan yake kwana, Waziri a nan yake da gida, manyan malamai da jarumai duk a nan. Wannan gari shi ne Wurno. Abin da ya sa na ga ya dace mu waiwayi tarihinsa shi ne, da gangan aka gina shi a bakin haɗari, alhali unguwannin manya na yanzu ana gina su ne don a yi nesa da haɗari. Bari mu bi labarin a hankali mu ga wanne ya fi kai mutum ga barci da ido biyu rufe.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu a Sakkwato a 1817, aka yi wa ɗansa Muhammadu Bello mubaya'a. Wanda bai bi tarihin ba zai zaci tun da an ci Alƙalawa a 1808 shi ke nan ƙura ta lafa. Ina! Rasuwar Shehu ke da wuya sai ƙasa ta ɗauki zafi. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, nan kusa da hancin Sakkwato. Gobirawan da aka kora suka sake haɗa ƙarfi, Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suka koma Maraɗi suka kafa nasu zaman, wasu daga cikin Zamfarawa suka juya baya, ga Kabawa ta yamma, ga kuma Azbinawa masu gangarowa daga arewa. Yaƙin wancan zamani kuwa ba kullum ake jan daga ba, mafi yawansa hari ne. Mahaya su fito daga daji da asuba, su faɗa wa ƙauye ko ayarin fatake, su kore shanu, su kama mata da yara, kafin hantsi sun shige daji. Idan wannan bayani ya yi wa mai karatu kama da abin da yake ji a rediyo a 'yan shekarun nan, to ya yi haƙuri, da sauran tafiya.

Babbar mafakar maharan ita ce dajin Gundumi, wanda ya raba ƙasar Sakkwato da ƙasar Zamfara. Daji ne mai faɗi da ƙarancin ruwa, kuma duk mai zuwa Sakkwato daga Kano ko Katsina sai ya ratsa shi. Lokacin da Baturen Ingila Kilafatan, wanda mutanenmu suka kira Abdullahi, ya zo a 1824, sai da Bello ya aika da mahaya suka tarye shi suka raka shi, aka ratsa dajin cikin sauri da ƙishirwa, domin tsayawa a ciki sayar da rai ne. Ke nan hedikwatar daula guda, wadda sarakunan Kano da Zazzau da Bauci da Adamawa ke kai wa gaisuwa, ita kanta ƙofarta ta gabas a buɗe take ga duk wanda ya ga dama.

Bello yana da zaɓi biyu. Yana iya ƙara wa ganuwar Sakkwato tsawo ya zauna a ciki shi da fadawansa, ya bar ƙauyuka su ji da kansu, babu kuma wanda zai ce masa don me. Bai yi haka ba. Sai ya ɗauko tsarin da ake kira ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, mutane su zauna a ciki da iyalansu suna noma suna karatu, suna kuma tsaron hanyar da abokan gaba ke biyowa. Ya fara zama a Magariya, daga baya wajen 1830 ya gina Wurno ya tare a can da kansa. Sannan ya jera wasu garuruwan irinsa kamar ƙwayoyin carbi, ya dasa 'ya'yansa da 'yan'uwansa a cikinsu. Akwai Gandi wadda yanzu take cikin ƙaramar hukumar Rabah, akwai Shinaka a ƙasar Goronyo, akwai Lajinge can wajen Sabon Birni. Rabah ita kanta sunanta ya manne wa ɗansa Abubakar Atiku, wanda ya yi sarautar Sarkin Musulmi daga 1873 zuwa 1877, har yau kuma Atiku na Rabah ake ce masa. A lura da kyau, ba 'ya'yan talakawa kaɗai aka tura bakin daji ba. Ɗan sarki shi ne farkon wanda mahari zai tarar.

Bugu da ƙari, Bello bai ɗauki tsaro a matsayin aikin takobi kaɗai ba. A cikin littafin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya nuna cewa yana daga cikin aikin shugaba ya kula da manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya tabbata kowane gari yana da nasa, ya kuma gyara kasuwanni da hanyoyi da ganuwa. Haka ya yi a ribaɗoɗinsa. Ya kuma ja hankalin Fulani makiyaya da su rage yawo su zauna kusa da garuruwa, a ba su wurin zama, a ba su malamai da alƙalai, 'ya'yansu su yi karatu. Ya fahimci cewa mutumin da ke cikin daji ba shi da makaranta, ba shi da alƙalin da zai kai wa kuka, ba shi da abin da zai yi asara idan gari ya ƙone, to wata rana ko shi ko ɗansa sai ya zama abin tsoro ga mutanen gari.

Yaya zaman Wurno yake a wancan lokaci? Gari ne na manya, amma manyan ba su kaɗai ba ne a ciki. Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya zauna a can tare da matarsa Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta shahara wajen karantar da mata, har ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajoji ke zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da 'yan'uwansu. Ganuwar da ta kewaye gidan Sarkin Musulmi ita ce ta kewaye bukkar mai sayar da itace da rumfar baduku. Ƙofa ɗaya ake rufewa da almuru, a rufe ta a kan kowa. Idan aka buga tambari cikin dare, sarki da talaka tare suke tashi. A ƙarƙashin tudun kuma ga fadama ana noman shinkafa da albasa. Ba za a ɓoye ba, da yawa daga cikin masu wannan noma bayi ne da aka kamo a wajen yaƙi, waɗanda aka raba da garuruwansu, kuma a wurinsu ganuwar nan tana da wata ma'ana daban. Tarihi ba littafin soyayya ba ne da za a ce kowa ya ji daɗi a ƙarshe.

A 1836 Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa suka haɗa kai, Bello ya fita da kansa ya tare su a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda. Shekara ɗaya bayan haka, a 1837, Allah Ya yi masa rasuwa a Wurno, aka kuma rufe shi a can. Hubbarensa yana nan har gobe ana ziyara. Mahaifinsa yana kwance a Sakkwato, shi kuwa yana kwance a bakin iyakar da ya tsare.

Kada mai karatu ya zaci daga nan an huta. Gobirawa sun sake kafa gari a Tsibiri kusa da Maraɗi, hare-hare suka dawo. A 1853 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya ratso Gundumi, kuma ya ba da labarin cewa sun yi tafiyar awa 26 ba tare da sun ya da zango ba saboda tsoro. Ya tarar da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan Bello yana shirin fita yaƙi, don haka ya zauna jiransa a Wurno fiye da wata guda. Ya ƙiyasta mutanen garin sun haura 10,000, ya ga yadda zukata ke ɗar-ɗar da labarin mahara, ya kuma yi ƙorafi a kan ƙazantar wani kwazazzabo da ya ratsa garin. Ashe ko unguwar manya ta wancan zamani tana da nata matsalar bola da magudanar ruwa. Abin lura dai shi ne duk da wannan tsoro Aliyu Babba, wanda ya yi mulki daga 1842 zuwa 1859, bai kwashe ya gudu ba, Wurno ce mazauninsa. Har a 1885, lokacin da Baturen kamfanin Ingila Joseph Thomson ya zo neman yarjejeniyar ciniki, a Wurno ya sami Sarkin Musulmi Umaru. Tsaro ba gini ba ne da za a yi sau ɗaya a kwanta, kamar yaɓe yake, kowace damina sai an sake.

Ranar 15 ga Maris, 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Da zuwansu sai aka ga wani sabon salon unguwar manya wanda ba a taɓa sani ba. Baturen mulki ba ya zama cikin gari. A kowane babban gari sai ya zaɓi wuri mai iska a bayan ganuwa ya yi barikinsa. A zamanin Gwamna Lugga an mayar da abin doka, musamman dokar birane ta 1917, aka ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa. Dalilin da suka bayar shi ne sauro, wai kada ya ɗauko zazzaɓi daga jikin 'ya'yanmu ya kai musu, sai kuma gudun gobara da hayaniya. Baƙar fata ba ya kwana a wannan unguwa sai in kuku ne ko boyi, su ma a ɗakunan bayan gida. Wannan ita ce uwar G.R.A. da ke Sakkwato da Kano da Zariya da Kaduna. Tun daga tushenta an gina ta ne a kan cewa lafiyar babba tana cikin nisansa da talaka. Wurno kuwa, tun da sarauta ta tattara ta zauna Sakkwato, kuma babu sauran iyakar da za a tsare, sai ta koma garin hakimi, Sarkin Sudan, ganuwa ta riƙa zubewa ana noma a kanta.

Da aka sami 'yancin kai a 1960, Turawa suka tafi suka bar gidajen, manyan ma'aikatanmu suka gaje su, suka gaji har da tunanin da aka gina su a kai. Hanyar ɗaukaka ta koma ta barin gida. Dubi Sardauna Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello. A Rabah aka haife shi, ya zama hakiminta a 1934, daga nan aiki ya kai shi Gusau a 1938, sai Sakkwato, sai Kaduna. Shi dai bai yar da gida ba, amma hanyar da ya bi ita ce duk wani ɗan boko na yankin ya bi a bayansa, kuma ba kowa ne ya riƙa waiwaye ba. A 1967 Sakkwato ta zama hedikwatar Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 ta zama ta Jihar Sakkwato, kuɗin man fetur ya shigo, sababbin unguwanni suka tashi. Duk ɗan Wurno ko Rabah ko Goronyo da ya sami abin hannu sai ya sayi fili a birni, gidan gado kuwa a bar wa tsofaffi, sai Sallah ko rasuwa ko lokacin zaɓe.

Dattawan da suka san G.R.A. ta farko za su gaya maka babu dogayen katangu a cikinta, shingen furanni ne kawai, kana tafe kana hango baranda. Katanga ta fara tsawo ne bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da bindiga ta yawaita a hannun mutane, fashi da makami ya yi ƙamari har gwamnatin soja ta kafa dokar harbe 'yan fashi a 1970. A daidai wannan tsakani ne kuma aka rushe 'yan dokan En'e aka haɗe su da 'yan sandan tarayya, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zare iko daga hannun hakimai da dagatai. A da, baƙo ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba, mai unguwa ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi. Wannan sarƙa tana da nata zalunci, babu musu, amma da aka tsinka ta ba a ƙulla wata a madadinta ba. Sai aka wayi gari ƙauyuka masu yawa ba su da ko ɗan sanda ɗaya, mai kuɗi kuma ya ga mafita ita ce ya sayi bulo. Ganuwar gari ta mutu, katangar gida ta gaje ta.

Shiga irin waɗannan unguwanni a Sakkwato, ko tsohuwar G.R.A. ko wajen Sama Road ko sababbin gine-ginen da suka tashi ta Bado da Arkilla, za ka ga kowane gida gwamnati ne mai zaman kanta. Yana da rijiyar burtsatse da tankinsa, yana da janareto ko sola, yana da maigadinsa, wani har da kare da na'urar ɗaukar hoto a kan get. Tun bayan farin 1973 Buzaye da yawa suka gangaro birane suka kama aikin gadi, aka kuma san su da riƙon amana, yanzu kuwa sau da yawa maigadin wani magidanci ne da ya baro gonarsa a ƙauye. Akwai jin daɗi, babu mai musun wannan. Amma akwai abin da katanga ke yi wanda ba a faɗa a littafi. Yadda take hana ɓarawo ganin cikin gida, haka take hana maƙwabci jin ihunka idan ɓarawon ya riga ya dira. A cikin gari idan aka yi kururuwa kafin ka ƙifta ido unguwa ta cika da sanduna. A unguwar manya mutum yana iya shekara biyar bai san sunan wanda ke jikin katangarsa ba, sai dai su haɗu a masallaci a ɗaga hannu. Ga kangwaye da filayen da aka kewaye aka bari, inda 'yan shaye-shaye ke fakewa. Sata a irin wannan wuri kuma galibi sai da ɗan gari, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan duk ƙaramin abu ne idan aka kwatanta da abin da ya taso daga gabas. Rikicin satar shanu da ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai da ya kunno kai a Zamfara wajen 2011 ya yi ta ci kamar wutar daji har ya tsallako. A watan Yuli na 2018 aka faɗa wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewayen Gandi a ƙaramar hukumar Rabah, aka kashe fiye da mutum 30, dubban jama'a suka kwarara cikin Gandi. Garin da aka kafa don ya tsare daula sai ga shi ya zama sansanin 'yan gudun hijira. A Janairun 2019 aka sake kashe mutum 26 a wannan yanki, a watan Yuni na shekarar kuma wasu 25. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa dajin Gundumi, aka ce matafiya su zagaya ta Goronyo da Sabon Birni. Dajin da Abdulkarim ya ratsa a guje shekara 168 kafin nan, shi ne dai aka sake gudu. A cikin watan ne kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Wurno da Rabah da Goronyo. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, ranar da kasuwar Goronyo ke ci, mahara suka buɗe wuta a kan masu saye da sayarwa, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43. A watan Disamba aka ƙone matafiya a cikin mota a ƙasar Sabon Birni. Dubban mutane suka tsallaka Nijar, suka fake a jihar Maraɗi, wato wajen jikokin waɗanda kakanninsu suka gwabza da su a Gawakuke. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mai gida a G.R.A. yana iya cewa to ni ina ruwana, ai katangata tana nan. Ruwansa kuwa shi ne farko. Madatsar ruwan Goronyo, wadda aka gama a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, ita ce ke sako ruwan da ake tacewa a sha a birnin Sakkwato. Da ta yi ambaliya a Satumban 2010, bayan ƙauyukan da ta cinye, har hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sai da ta yanke. Abin da ya taso daga Goronyo, alheri ne ko sharri, ba ya tsayawa a Goronyo. Shinkafa da albasa da tafarnuwar da ake sauke wa Hajiya a kicin daga fadamun Wurno da Goronyo suke fitowa, kuma duk gonar da aka hana nomawa ko aka sa wa haraji, a kasuwa ake biyan kuɗinta. Idan an sace mutum a ƙauye, wayar ɗan'uwansa na birni ake kira, shi zai sayar da fili ko mota. Lokacin da aka katse waya, manya nawa ne suka kwana suna juyi a kan katifa mai laushi ba su san halin da iyayensu ke ciki ba? Wasu an yi musu rasuwa sun kasa zuwa jana'iza. Matan da ke zaune a bakin get da yara suna jiran sadaka, da yawansu matan aure ne masu rumbu da awaki a jiya.

Kuma abin bai tsaya kan talaka ba. A ƙarshen watan Yuli na 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, a hanyar nan ta Goronyo zuwa Sabon Birni da aka ce ita ce mafita. Duniya ta ga bidiyonsa a ɗaure yana roƙon a cece shi, a watan Agusta kuma aka sami labarin rasuwarsa a hannunsu. A farkon shekarar, a watan Janairu, har cikin rukunin gidaje masu get da maigadi a gefen Abuja aka shiga aka kwashi mutane. Hausawa suka ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ba ina cewa a koma gina ganuwar ƙasa ba ne, ganuwa ba ta tare harsashi, kuma zamanin ya wuce. Ba kuma laifi ba ne mutum ya gina gida mai kyau da halalinsa ya kewaye shi. An yi ƙoƙari ta fuskar hukuma, an ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022, an girke sojoji, jihar Sakkwato ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a 2024, kuma akwai jami'ai da yawa da suka ba da rayukansu, Allah Ya jiƙansu. Abin da tarihin Wurno ke nuna mana shi ne inda babba ya ajiye iyalinsa, nan hankalinsa yake. Da Bello ya kwana a bakin iyaka, dole hanyar ta gyaru, dole a san wanda ya shiga daji da wanda ya fito, dole a nemi makiyayi a zaunar da shi a ba ɗansa allo. Yanzu kuwa shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa da babban ɗan kasuwa da yawansu a birni suke kwana, labarin hari a waya suke jin sa kamar kowa, washegari a zo jaje da jerin motoci a koma kafin la'asar.

Don haka kirana ga 'yan'uwa da Allah Ya ɗaukaka daga wannan yanki, da ma sauran yankunan da ke cikin irin wannan hali, shi ne a riƙa lissafi da kyau. Kuɗin da ake ƙara wa katanga layi uku na bulo da waya mai lantarki, a ware wani abu daga ciki a gyara ajin firamare a garinsu, a ɗauki nauyin malamin da zai shiga ruga, a taimaki wanda aka kora daga gonarsa ya sami abin yi kafin yunwa ta mayar da ɗansa ɗan leƙen asirin mahara. Wanda aka zaɓa ya wakilci gari ya zauna a garin, ya ji abin da mutanensa ke ji da dare. A cikin unguwar ma a san juna, a san maigadin maƙwabci da sunansa da garinsu. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ba shafa wa naka ruwa kaɗai za ka yi ba, ka taimaka a kashe tasa, domin iska ba ta da alƙibla.

Allah Ya jiƙan Sarkin Musulmi Bello da duk magabatanmu, Ya jiƙan waɗanda aka kashe a Tabanni da Gandi da Goronyo da sauran wurare, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.